Jinin Yaya

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓata a layin masu walda. Kowa Ba-Komai yake kiransa, domin ko ƙarfe ne ya faɗo masa a ƙafa, ko mai ƙofa ne ya dawo da ita ya ce ta karkace, abin da zai fito daga bakinsa ke nan. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa duk tabon tartsatsi, idonsa na hagu kullum cikin hawaye saboda ya raina tabarau tun yana koyon aiki. Hali guda gare shi da ya gagari kowa: ba ya yarda bare ya yi wa nasa abin da shi zai iya. Famfo ya lalace, shi ne mai gyara, ko da zai ƙarasa shi ne. Matarsa takan ce da ana karɓar haihuwa da injin walda, da ba ta taɓa ganin ungozoma ba.

Ubansu ya rasu ya bar masa shago, da ƙanwa, da Auta wanda ko tafiya bai fara ba. Ba-Komai ne ya zame masa uba. Ya hana shi taɓa ƙarfe, ya ce gida ɗaya mai ciwon ido ɗaya ya isa. A keke ya riƙa kai shi makaranta har Auta ya zama malamin lissafi a firamare, mai farar riga da alli a aljihu. In ya zo wucewa ta layin, Ba-Komai yakan kashe injin don maƙwabta su gan shi da kyau.

Sai ƙafafun Auta suka fara kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Kafin a ankara ƙodarsa duka biyu sun gaza, aka ɗora shi a kan injin wankin ƙoda a wani ƙaramin asibiti. Jininsa kuma ya riƙa yin ƙasa. Ranar farko da aka ce sai an ƙara masa, ma'aikaciyar jinya ta ce akwai wanda ya dace a ma'ajiya.

Ba-Komai ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "Ina raye, da jinina a jikina, a ɗura wa ƙanena na wanda ban san ko uwarsa ba?"

Rukunin jininsu ɗaya ne, asibitin kuma ba ya ƙin mai bayarwa. Ya naɗe hannun riga ya miƙa. Daga nan abin ya zame masa aiki. Duk lokacin da Auta ya yi fari, Yaya na bakin ƙofa hannu a naɗe. Ya koma shago jiri na ɗibarsa, yana gaya wa masu walda cewa ɗan'uwa rabin jiki ne, shi kuwa yanzu ya wuce rabi. A lokacin babu wanda ke maganar dashe, ana ta lallaɓa rai ne kawai.

Da maganar dashen ƙoda ta taso a babban asibiti, bai bari an gama jimlar ba ya ce tasa za a cire. Ya bar taba, wadda matarsa da tari suka yi shekaru suna fama ba su raba shi da ita ba. Ya jingine babur ya koma zuwa shago a ƙafa. Yakan tsokani Auta cewa ta dama zai ba shi, ta hagu ta riga ta saba da halinsa.

Likitar da ta kira su bayan gwaji mace ce mai magana a hankali. Ta zaunar da Ba-Komai shi kaɗai. Ta ce ban da rukunin jini, akwai wasu alamomi a jikin kowa, rabi gadon uwa rabi gadon uba, da su jiki ke bambance nasa da na baƙo. Shi yana ɗauke da wata da ake kira A2, Auta kuwa bai gaje ta ba. Duk lokacin da jininsa ya shiga jikin Auta, jikin na ganin alamar nan yana haddace ta a matsayin abokiyar gaba. Yanzu in an dasa masa ƙodar, zai far mata tun kafin ɗinki ya warke.

Ba-Komai ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba a rayuwarsa: "To, a samo ta bare."

Likita ta ce nan ma akwai wuya. Alamar nan tana cikin waɗanda suka fi yawa a duniya, a wasu al'ummu kusan rabin mutane na ɗauke da ita. Jikin Auta kuma bai tsaya a kanta ba, har masu kama da ita ya ɗauki gaba da su. Masu bayarwa dama kaɗan ne, a cikin kaɗan ɗin nan ma yawanci an rufe masa ƙofa.

"Likita, da ban ba shi jinina ba fa?"

"Jinin wani ma yana iya jawo haka," in ji ta.

"Amma da wataƙila tawa ta shiga."

Likita ta kau da kai, ta gyara biron da ke gabanta. Shi ya gane.

Aka gwada 'yar'uwarsu, tana da alamar. 'Ya'yan baffa suka zo, wasu da zuciya ɗaya, wasu don kada a ce, babu wanda jinin Auta ya yi na'am da shi. Garin neman gira an rasa ido, kuma babu wanda ya faɗa wa Ba-Komai haka, sai shi da kansa. Baƙin ciki ya cinye shi. Bai koma taba ba, ya ce ko wata rana za a samo dabara, amma ko shi bai yarda da maganar ba. A shago yana aiki, sai dai ya daina kashe injin, don babu mai farar rigar da zai wuce.

Har yanzu shi ke kai Auta wankin ƙoda, ya zauna a kujerar roba yana kallon jini na zagaya tiyo. Auta ya rame, agogonsa na yawo a tsintsiyar hannu. Kwanan baya ma'aikaciyar jinya ta duba idonsa, ta ce jinin ya sake yin ƙasa, sai an ƙara. Kafin ta rufe baki Ba-Komai ya miƙe, hannun rigarsa har ya kai gwiwar hannu. Sai ya tsaya. Ya dubi jijiyar da ta taso, ya warware hannun rigar a hankali, ya ɓalla maɓallin, ya koma ya zauna.

Auta ya juyo da kai a kan matashi, ya ce, "Ba komai, Yaya."

Ma'aikaciyar ta wuce ma'ajiya ta ɗauko na bare.