Gahawar Wagdi Bayyumi ta Ƙarshe

Da hantsin Laraba, sha biyu ga Fabrairu, Dakta Fikri ya kira ni a waya ya ce Ustaz Wagdi Bayyumi ya rasu a asibiti, bayan gajeriyar jinyar ciwon zuciya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na zauna a bakin gado, na rasa abin da zan fara tunawa sai doguwar hularka.

Wagdi, kai malamin labarin ƙasa ne mai ritaya, amma duk Iskandariyya ta fi saninka da shugaban 'yan tururi. Turawa na kiran abin sitimfank: mutane ne masu mafarkin wata duniya da lantarki da fetur ba su taɓa kayar da injin tururi ba. Kai ka tara mu a bayan shagon surukinka a unguwar Attarin, ka sa mana tabaran masu walda a goshi, ka liƙa mana hanjin tsofaffin agogai a ƙirji. A shekarun farko ɗakin ba ya ɗaukar mu. Ɗalibai na zuwa daga Alƙahira a jirgin ƙasa don su ɗauki hoto da kai. Daga baya suka girma, suka yi aure, suka koma wasu wasannin. Bara mu huɗu ne, kuma ɗaya barci ya yi.

Na sha gaya maka abin ya mutu, saura a yi masa sutura. Kai kuma ka ce, "Ustaz, kai komai sai ka karanta mutuwarsa a jarida. Zo ka riƙe min wannan bututun."

Bututun na Basha ne, injin dafa gahawar da ka ƙera da tagulla da tukunyar wanki ta Sitt Nagwa, matarka. Ka sa masa wannan suna na manyan masu mulkin da ne saboda ba ya aiki sai ya ga dama. Yana huci, yana busa usur, ya tsorata kyanwoyin unguwa, sannan ya zubo rabin kofi. Aibinsa ɗaya ne ka kasa gyarawa: akwai wani cokali a cikinsa da ke juye sukari ba a tambaye shi ba, har gahawar ta koma zuma.

Ban manta kirkinka ba. Lokacin da matata ta kwanta, kai ne kake hawo mana bene da tukunyar miyar molohiya, kana haki, kana cewa motsa jiki kake yi. Duk wanda ya zo taronmu da tabaran roba na kasuwa, sauranmu mukan taɓe baki, kai kuwa ka cire naka ka ɗora masa. Ba ka taɓa tambayar kowa me ya sa ya daina zuwa ba.

Ranar zaman makoki, Sitt Nagwa ta kira ni da Fikri zuwa bakin matakala. Idonta ya kumbura, amma muryarta na nan yadda ka san ta.

"Wannan tarkacen naku," in ji ta, "gobe mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo. Sai dai in zai iya yi wa mai shi aiki sau ɗaya a rayuwarsa. Ku dafa wa baƙi gahawa da shi. In ya ƙi, ku yi ban kwana."

Mun san in Basha ya tafi, ba sauran dalilin haɗuwarmu ta kowace Alhamis. Muka kinkimo shi zuwa bayan rumfar makoki. Fikri, likitan haƙori ne, ya leƙa cikinsa kamar bakin majinyaci ya ce, "Ka hura wuta, Ustaz, ka bar min falsafa." Muka yi gumi, ya yi tari, ya yi usur a tsakiyar hutun mai karatun Alƙur'ani. Sannan gahawa ta zubo.

Sai da aka raba kofuna muka tuna da cokalin. A garin nan ba a shan gahawar makoki sai baƙa, mai ɗaci. Mu kuwa mun ba dattawan Attarin zuma a ranar binne ka. Na ga wani tsoho ya kurɓa, ya dube ni, ya dubi kofin, ya shanye. Aka kai wa Sitt Nagwa nata a sama. Can muka ji dariya ta taga, gajeriya, ta karye ta zama kuka. Bayan magariba ta aiko cewa a mayar da Basha wurinsa, kada kowa ya taɓa cokalin.

Ban sani ba ko abin naka na da sauran rai, Wagdi. Mu uku ne yanzu, gwiwoyinmu duk sun lalace. Amma Alhamis ɗin nan mun haɗu, kujerarka na nan da hular a kai, ni kuma na riƙe bututun.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya shayar da kai abin da ya fi gahawarka daɗi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Sitt Nagwa da 'ya'yanku Hazim da Rabab, da surukai da ɗalibanka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Amin.