Kailu da Turmin Tanti Ajuwa

Kullum bayan sallar asuba Kailu yakan buɗe ɗan ɗakinsa na ɗaukar sauti a unguwar Biafra ta Treichville, cikin Abidjan, ya goge na'urorinsa da tsumma, ya duba kwalayen ƙwan da ya manna a bango ko ɗaya ya faɗo, sannan ya zauna da shayinsa yana jiran mawaƙa, waɗanda ba su taɓa zuwa kan lokaci ba. Shekara da shekaru haka. A wannan watan zai miƙa ɗakin ga 'yarsa Huda, domin kunnensa na hagu ya fara yi masa gardama.

Yau ba motar haya ta gbaka da za ka shiga daga Adjamé zuwa Treichville ba ka ji waƙoƙin fim ɗin Saminu ba. Masu tura waƙa a waya sun ce ba su taɓa ganin kayan da aka yi wa rububi haka ba, har Yamai da Kumasi ana sa su a gidan biki. Hoton Saminu, mai shirya fim ɗin, ne a bangon faifan, da na 'yan wasansa. Kailu kuwa, sai ka sa gilashi kafin ka ga sunansa.

Waƙar da ta ɗaga faifan duka ta Inna Barira ce, tsohuwa mai sayar da fura a unguwar Bromakoté, wadda ta zo da ita daga ƙauyensu na wajen Tawa tun tana amarya. Lokacin da Saminu ya nemi a ɗauki waƙar, likita ya riga ya sa ranar yi mata aikin maƙogwaro, ya kuma faɗa mata gaskiya cewa muryar ba lalle ta dawo ba. Ba ta da ƙarfin zuwa Treichville. In ba a ɗauka kafin ranar ba, waƙar ta tafi ke nan.

Sai Kailu ya kinkimi kayansa zuwa gidan su Inna Barira. Gidan haya ne irin na Abidjan, ƙofofi birjik, tsakar gida ɗaya, Jula da Baule da Mosi da mu Hausawa. Ya bi su ɗaki ɗaki da goro, yana gaisuwa da Julanci da Faransancinsa mai ɗingishi, yana roƙon a yi masa shiru tsakanin azahar da la'asar. Tela ya tsayar da kekensa. Aka kashe rediyo, aka kai yara maƙwabta. Har Tanti Ajuwa, 'yar Baulen da ba ta taɓa fasa dakan futunta, wato sakwararsu, don kowa ba, ta jingine taɓarya tana ƙunƙuni.

To, shirun nan shi ya kusa kashe aikin. Inna Barira ta buɗe baki, ta kama farko, ta saki. Ta sake, ta ɓata. Saminu ya fara haɗa gumi, 'yarta Lami ta juya baya tana share ido. Kailu ya cire abin kunnensa ya durƙusa kusa da ita, ya tambaye ta a ina ta saba yin waƙar nan.

"Ɗana, ni ban taɓa yin ta hannu banza ba. A bakin turmi na koye ta. Kun mai da gidan kamar ana zaman makoki."

Kailu ya yi wa kansa dariya. Ya tashi ya je ya ba Tanti Ajuwa haƙuri, ya roƙe ta ta koma dakanta. Ta harare shi, ta ce ɗazu ya hana, yanzu ya zo roƙo, Hausawa dai sai Allah. Taɓarya na sauka, kan tsohuwa ya fara kaɗawa, waƙa ta zubo daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Wannan dum-dum da kuke ji a ƙarƙashin muryar, masu cewa wata sabuwar ganga ce, futun Tanti Ajuwa ne.

Kailu, kai ne ka roƙi gida guda shiru, kai ne kuma ba ka ji nauyin warware roƙonka ba da ka ga ka yi kuskure. Mai kunnen haƙuri, ba ka daka wa tsohuwa tsawa ta bi na'ura ba, ka sa na'ura ta bi ta.

An yi aiki, Inna Barira ta tashi, alhamdulillahi. Muryar dai ta koma raɗa, sai ka matso kafin ka ji. Duk wanda ya san abin da ya kusa kuɓuce mana, ajiyar zuciya yake yi in waƙar ta tashi.

Mun gode, Kailu, Allah ya ba ka lafiyar kunnen da ya rage. Matasa masu sana'ar nan, ku koyi durƙusawa ku tambaya kamar yadda ya yi. Ranar da aka kai wa Inna Barira faifan, ta saurara har ƙarshe, ta jawo hannun rigar Kailu ta raɗa masa:

"Yanzu ko ba ta dawo ba, ba komai. Tana wajenka."