Wasiƙar Sifaniya Zuwa Ƙauyen Inna Kulu

Daura

Ƙarfe shida saura kwata na fita, bayan sallar asuba, da wasiƙa a aljihu. Ta akwatina na gidan waya ta zo da sunan Inna Kulu, yayar mahaifiyata, wadda ɗanta Sani ya bi hanyar Agadas zuwa Turai shekara biyu ke nan, shiru. Da Sifaniyanci aka rubuta ta. Kwana uku na yi da ƙaramin ƙamus ina mayar da ita Turanci kalma-kalma, sannan Hausa, yadda aka koya mana a gidan rediyon da nake aiki: ba ƙari, ba ragi.

Zango

Bakwai da minti goma. A shinge 'yan Hisba suka leƙo cikin motar hayar da na hau, suka ga mata baya maza gaba, suka ɗaga hannu. Na sha koko da ƙosai a tsaye.

Direba ya ce, "Malam, tun Daura hannunka na kan aljihu. Zinariya ce?"

Na ce, "Ta fi."

Baure

Takwas da rabi. Daga nan acaɓa, minti ashirin cikin gonakin gero. A nan na yi kuskure. Na zo da safe, da farar riga, ban shiga ciki kamar ɗan gida ba, na tsaya zaure na ce a kira mini maigida. A ƙauye, haka mai kawo labarin mutuwa ke yi. Kafin mu gama gaisawa an shimfiɗa tabarmi, kuka ya tashi daga ciki.

Baba Haruna, mahaifin Sani, ya sunkuyar da kai. "Ɗana, faɗi kawai. Yaushe ya cika?"

"Baba, Sani na nan da ransa!"

Na shiga tsakar gida na karanta. Yana aiki a gonar tumatir. Hannunsa na dama ya karye, ya kusa warkewa, shi ya sa wata maƙwabciyarsa ta rubuta masa.

Inna ta share hawaye. "Ja'iri, ka kusa kashe ni. Ka tabbata kuwa?"

Na nuna mata da yatsa: "Está bien. Wato yana lafiya."

"To, yaya suke cewa na gode?"

"Gracias."

Sau uku ta maimaita har ta kama, ta ce in rubuta wa matar haka, daga bakinta.

Daura

Biyar da rabi na iso gida da ƙwaryar fura. Labarai da yawa na fassara a rayuwata, amma wannan ne kaɗai na ga fuskar mai sauraronsa. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni, ya dawo da ni.