Baba Barau, Wanda Ya Cire Mini Iska Daga Lissafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, ɗiyarka Rahama ta kira ni ta ce Allah Ya karɓi ranka a gidanka na Ɗanzomo, Baba Barau, bayan jinyar kwana tara.

Na san ka ne shekara goma sha bakwai da suka wuce, ina sabon malamin lissafi, kai kuma kana gadin makarantarmu bayan ka bar awon hatsi a kasuwar Gumel. A zangona na farko aka ce mai duba malamai zai zo ya ga koyarwata, kuma rahotonsa ne zai sa a tabbatar da ni a aiki ko a sallame ni. Na cika wata kwalba mai faɗin baki da alawa, don in nuna wa ɗalibai yadda ake gano adadi ba tare da ƙirge ba. Na auna cikin kwalbar, na raba da girman alawa ɗaya, na samu ɗari takwas. Don yarda da kaina ko gwadawa ban yi ba.

Ana gobe mai duba malaman zai zo, ka tarar da ni a aji bayan an tashi. Ka jujjuya kwalbar, ka tambayi amsata. Sai ka cika murfinta da alawa ka shafe bakinsa kamar yadda kake yi wa tiya, ka ƙirga arba'in da biyu. Ka bi tsayin kwalbar da murfin, ya shiga sau goma sha biyu. Ka ce ɗari biyar da 'yan kai ne.

"Malam, lissafinka daidai yake," in ji ka, "sai dai ka haɗa har da iskar da ke tsakaninsu."

Muka zazzage a kan tebur. Ɗari biyar da goma sha ɗaya.

Washegari da hanyarka na koyar, aka tabbatar da ni. Na so in faɗa wa shugaban makaranta wanda ya cece ni, ka hana, ka ce sabon malami yana bukatar ɗalibai su ga girmansa. Har ka bar duniya ban ji ka ba kowa labarin ba, ko da wasa. Yau ni na faɗa, ka yafe mini.

Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ne. Duk malamin da aka turo daga nesa, kai ke nema masa ɗaki, matarka Iya Asama'u ta ciyar da shi har ya san gari.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya suturta ka kamar yadda ka suturta ni. Iya Asama'u, Rahama da ɗan'uwanki Habibullah, da sauran dangi, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Mu ma da ba mu haɗa jini da shi ba, uba muka rasa.