Kawu da Buhun Kunamar Bindiga

Kawuna, yayan mahaifiyata, ɗan kasuwa ne tun daga hula har silifas. Kwaɗo da sakata da hannun ƙofa yake sara a Murshid Bazaar, ya loda a kwantena ya kai Kano. Shi ya yi mini hanya na samu aiki a wani ofishin kago, wato na aika kaya, a unguwar Port Saeed ta Dubai, inda nake zama bayan tebur ina karɓar kayan mutane ina tambayarsu abin da ke ciki. Bizar zamana a Dubai a kan wannan aikin take. In aikin ya tafi, ni ma na tafi, ni da matata da ke ɗauke da cikin fari a lokacin.

In ya zo sari a falonmu yake sauka, domin a cewarsa otal na marasa dangi ne. Ya mamaye doguwar kujera, ya rage sanyin na'ura, ya ƙure ƙarar waya. Ina sonsa ƙwarai, amma duk zuwansa sai na rame.

Kawu yana da aƙida guda a kasuwanci: duk abin da hukuma ta ce za ta hana, a yi maza a saye shi. Ya ga an hana shigo da shinkafa ta yi tsada. Ya ga an hana atamfar waje, waɗanda suka ɓoye diloli suka tashi benaye. A wurinsa kalmar "za a hana" talla ce da gwamnati ke yi wa masu hankali kyauta.

Wata la'asar muna shan shayi ya miƙo mini wayarsa. Wani Ba'amurke ne mai gemu a cikin gareji, yana riƙe da wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe yana ta kumfar baki. Turancin Kawu na ciniki ne, bai wuce tambayar kuɗi da neman ragi ba, amma kalmar hani ya santa a kowane yare.

"Ɗan nan, me za a hana?"

Na saurara na ce masa wani ƙarfe ne da ake ƙara wa kunamar bindiga, wato wurin da ake ja da yatsa, kuma ana shirin haramta shi a can.

"Kuɗinsa fa?"

"Ya ce ya tashi sosai, mutane na rububi."

"Bayan an hana fa?"

"Nan ne ake gardama, Kawu. Wasu na cewa kotu za ta soke hanin. Wasu na cewa da zarar doka ta fara aiki, riƙe shi ma laifi ne, sai dai mutum ya miƙa wa hukuma ko ya lalata. Ka ga ke nan ba shi da kasuwa, ya zama banza."

Kawu ya yi murmushin da yake yi wa sababbin shiga kasuwa. "Masu cewa zai zama banza su ne ke saye ta bayan gida. Na san irinsu, a layinmu ma akwai su."

Na ce masa nan Dubai ne, nan ko harsashi guda aka tsinta a jakar mutum ya shiga uku, balle kayan bindiga. Ya ce wa ya ce mini bindiga zai saya? Ƙarfe ne, sakata ma ƙarfe ce. A gidanmu ba a ce wa kawu a'a sau biyu, ni kuwa na riga na kashe tawa guda.

Washegari ba ni da aiki, don haka na bi shi Murshid, ba don taya shi ba sai don in ga iyakar abin. Ya ɗauki hoton ƙarfen a waya yana bin shaguna yana nunawa, kamar mai cigiyar akuya. Wani Ba'indiye da suka daɗe suna hulɗa ya duba hoton, ya kife wayar a kan kanta a hankali, ya aika a kawo mana shayi, ya shiga tambayar lafiyar iyali. Wani Ba'iraniye kuwa ko zama bai bari mun yi ba. "La, la, habibi, yalla," yana nuna mana ƙofa da hannu biyu.

Muna fita Kawu ya dafa kafaɗata, fuskarsa sai sheƙi take. "Ka gani ko? Sun ɓoye. Kaya ya yi wuya."

A cikin jirgin ƙasa na roƙe shi don girman Allah ya goge hoton. Ya goge a gabana, har da nuna mini. Na yi ajiyar zuciya na ɗauka magana ta ƙare, na manta da wa nake tare. Bakano in ya rasa kaya a kasuwa ba ya haƙura, samfur yake kaiwa a ƙera masa irinsa. Kawu ba shi da samfur, ba shi da hoto, sai ya yago murfin kwali ya ɗauki biro ya zana abin daga ƙwaƙwalwarsa. Mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa zana komai ba sai sa hannu.

Ina wurin aiki ya hau tasi ya tafi Al Quoz, unguwar sito-sito da masu walda. Daga baya ne ya ba ni labari, yana alfahari. Ya samu wani maƙeri ya miƙa masa kwalin. Maƙerin ya juya shi sama ya juya shi ƙasa ya tambayi amfanin abin. Kawu ya ce shi dai ya yi aikinsa, domin ɗan kasuwa ba ya faɗin sirrin kasuwarsa ga wanda zai iya riga shi. Maƙerin ya yi nasa tunanin, ya ƙera abin da ya fahimta, har ya ƙara huji biyu na ɗaura ƙusa don kyautatawa.

Haka na dawo wata rana na tarar da buhu a tsakar falo, Kawu na zaune a gabansa ya harɗe ƙafa. Ya zaro guda ya ɗaga wa fitila. "Dubi aiki. Har da huji biyu. Na Amurkan ma ba su da wannan."

Matata ta karɓa da ladabi ta duba ta ce Allah ya sa albarka. Da na bi ta kicin sai na same ta ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Da ƙyar ta iya cewa, "Maratayin tawul ne fa." Ni ma abin da na gani ke nan. Babu bindigar da za ta karɓi wannan abu ko da an haɗa ta da Allah. Daɗi ya kama ni har cikin ƙashi. Na ce a raina buhun maratayi bai taɓa kai kowa kurkuku ba, a bar Kawu da kayansa ya ji daɗinsa.

Abin da ban lissafa ba shi ne kaya ba don ajiya ake yinsu ba. Kawu yana da ɗan wani amininsa da ke tuƙin tasi a Amurka, shi ya yi niyyar aika wa ya sayar kafin doka ta sauka. Kuma wane ofishin kago zai je, alhali ɗan ƙanwarsa na da tebur a guda?

Da hantsi ya shigo, ofis cike da 'yan kasuwar Kano a kan benci, kowa da kwalayensa yana jiran sikeli. Cikinsu akwai wani Alhaji da shagonsa ke kallon na Kawu a Kano, shi ma kwaɗo yake sayarwa. Shekara da shekaru suna gaisawa da dariya suna ƙirga wa juna masu saye. Kawu ya dire buhun a gaban teburina. Bakin buhun ya buɗe, guda biyu suka gangaro. Alhajin nan ya sa ƙafa ya taɓa ɗaya.

"Alhaji, kwaɗon ya daina tafiya ne? Na ga an koma maratayi."

Na ɗaga ido na kalli Kawu, ina roƙonsa da duk abin da fuska za ta iya faɗa. Bai ko kalle ni ba. A duniya babu abin da ɗan kasuwa ya tsana kamar a kushe masa haja a gaban mutane, balle a ce abokin hamayya ne ya kushe. Kawu mutum ne da ya taɓa sayar da kwaɗon da kowane makulli ke buɗewa, ya ce wa masu saye an yi shi ne don masu mantuwa. Ya gyara tsayuwa, ya naɗe hannun riga.

"Maratayi? Allah sarki, rashin fita. Wannan da kake gani kunamar bindiga ce, sabon samfur. Amurka da kanta ta ji tsoronta za ta hana. In na kai ta can, wallahi guda ɗaya sai ta sayi katan ɗin kwaɗonka."

Kowa a benci ya juyo yana kallon buhun. Manajanmu mutumin Sudan ne, amma kakarsa Bahaushiya ce, Hausa kuwa yana jinta tas. Na ga ƙofar ofishinsa ta buɗe. Ya fito ba gaggawa, ya wuce ya rufe ƙofar waje, ya dawo ya tsaya a kan buhun.

"Ya Hajj, me ka ce akwai a nan?"

Kawu ya buɗe baki, manaja ya ɗaga hannu. "Shwayya, a hankali, ka ji ni tukuna. In abin da ka faɗa ne, ba ni da zaɓi, yanzu zan kira 'yan sanda. Wannan kuma," ya nuna ni, "ɗanka ne, a filat ɗinsa kayan suka kwana, teburinsa ka kawo su. Ko an sake shi, kamfani ba zai riƙe shi ba. Yau za a soke bizarsa, khalas, shi ke nan. In kuma wani abu ne daban, ka faɗa a gaban mutanen nan, ka nuna mini."

Tsoro na gaske ya kama ni. Na tuna matata da katin asibitin da muka sha wuya kafin mu samu. Na kuma ji haushin Kawu, haushi mai zafi, domin na san shi. Ban taɓa jin ya ce kayansa ba su da kyau ba, ko da wasa, ko a cikin gida. Ga Alhajin kwaɗo a zaune ya miƙe ƙafa, ya ƙura masa ido yana jira.

Kawu ya dubi Alhajin. Ya dubi benci. Sannan ya juyo ya dube ni, ya ɗan jima yana kallona.

"Maratayi ne," ya ce.

"Ɗazu ba haka ka ce ba," in ji manaja.

"Ɗazu ciniki nake yi. Maratayi ne, kuma ko a maratayin ma na banza ne."

Ya sunkuya ya ɗauki guda, ya danna shi a jikin bango da babban yatsa, ya cire hularsa ya rataya. Hular ta zame ta faɗi. Ya ɗauka ya sake ratayawa, ta sake faɗuwa. Ya kama ƙarfen da yatsu biyu ya lanƙwasa shi ya miƙe shi kamar cokalin roba.

"Ka gani? Ko ɗankwali ba zai riƙe ba. Ni na zana shi da hannuna a bayan kwali. Ni da ban taɓa riƙe bindiga ba, ko ta wasan yara. A waya na ga wani mai gemu yana ihu, na ɗauka kasuwa ce. Babu wanda ya cuce ni, ni na kai kaina. Wanda duk ya sayi wannan ya yi asara, wanda ya ƙera ya ɓata wuta, wanda ya sa aka ƙera kuwa ga shi a gabanku ba hula."

Wani a ƙarshen benci ne ya fara fashewa da dariya, sai kowa ya bi. Alhajin kwaɗo ya yi dariya har ta sarƙe shi, yana tari yana lalubar waya. Ina ji yana naɗar saƙon murya zuwa Kano, yana cewa ku tsaya ku ji abin da ya faru yanzun nan. Manaja ya zazzage buhun a ƙasa ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya lanƙwasa wasu da kansa, yana cije leɓe. A ƙarshe ya ce Kawu ya kwashe tarkacensa, kamfani ba ya ɗaukar shara. Ya je ya buɗe ƙofa.

Ni na taya shi kwashewa. Muna durƙushe muna tsince ƙarafan daga ƙarƙashin benci, mutane na ɗaga mana ƙafa. Kan Kawu ba hula, sanƙonsa na naso. Ban taɓa ganin tsakar kansa ba sai ranar. Dariyar da ta taso mini ta koma, na ji kamar in yi kuka.

Na raka shi waje. Rana ta take, can bakin ruwa ana loda wa jiragen katako firiji da tayoyi. Na karɓi buhun zan ɗauka, ya ƙwace ya saɓa a kafaɗa. Na fara haɗa kalmomin godiya, suna ta harɗewa.

"Kawu, wallahi ban san yadda zan..."

"Kai, koma bakin aikinka," ya ce. "Mutane na jiran sikeli."

Na ce bari in tsayar masa da tasi. Ya ce zai taka. Na tsaya ina kallonsa yana tafiya da buhu yana ƙarar ƙarafa, har ya sha kwana.

Labarin ya riga shi isa Kano, kuma a hanya ya yi ƙiba. A can an ce injiniya ya ɗauko daga Jamus, an ce jirgi guda ya yi shata. Abin da bai isa ba shi ne maganar bizata, domin Alhajin kwaɗo bai ga abin dariya a cikinta ba, sai ya yar da ita a hanya. Har yanzu in Kawu ya shigo layinsu da safe, sai an samu mai cire hula ya miƙa masa ya ce Alhaji a taimaka da wurin ratayewa. Mahaifiyata ta taɓa kirana a waya tana tambaya, wai me ya sami yayanta a Dubai har ya tsaya gaban jama'a yana zagin kayansa da bakinsa. Na ce mata ta tambaye shi. Ta ce ta tambaya, ya ce zafin rana ne.