Neman masu haraji a bakin iyakar Dahome

Mun tashi da asuba daga Birnin Kebbi, ni da wani ɗan doka da aka haɗa ni da shi, a bayan motar ɗaukar gyaɗa da za ta Koko. Ni akawu ne a baitulmali. Ma'aji ne ya lura shekara huɗu ke nan harajin wani ƙauye na bakin iyakar Dahome yana raguwa, jangalinsa kuwa ya kusa zama babu. Yana zargin mai garin ke ci. Ya ce in je in gani, in haka ne a tuɓe shi. Ga shi ba mu cika shekara da samun mulkin kai ba, duk takardar da ta zo daga sama magana ɗaya take yi: a tara kuɗi, akwai makarantu da hanyoyin da za a gina.

Ban taɓa tuɓe ko mai unguwa ba. Tun daga Jega hankalina bai kwanta ba.

Daga Koko zuwa Kende hanyar duk rami ce, sau biyu muka sauka muka tura motar da muka biya sule uku-uku don ta ɗauke mu. A Bagudo muka yada zango. Wata mai tuwo ta zuba mana tuwon shinkafa da miyar bandar kifi na sisi, kifin ya fi tuwon yawa. Ɗan doka ya cinye nasa, ya ƙarasa nawa, don ni loma uku na iya.

Da safe muka shiga kwalekwale muka ƙetare kogin Kwara. Ruwa ya cika, matuƙin yana hira da Dandanci, abokin tafiyata ya rungume hularsa yana salati har muka kai gaci. Daga nan sai ƙafa, cikin fadamun shinkafa da ake yanka, har muka isa ƙauyen da la'asar.

Mai garin tsoho ne siriri, rawaninsa ya sha wanki. Da ya ga ɗan doka ya san abin da ya kawo mu. Bai yi rantsuwa ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wata jakar fata, ya zazzage mini rasitai a kan tabarma, tun na zamanin mahaifinsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake yanka wa kowane magidanci sai hawa yake yi, bai taɓa sauka ba, kuma ban ga inda anini ya ɓata ba. Mutanen ne suka ragu.

Na ce, "Baba, ina suka tafi?"

Ya ce, "Tashi mu tai, ka gani da idonka, Malam."

Ya zaga da ni gari. Gida bayan gida danga ta faɗi, rumbu ba jinka, ciyawa ta fito a murhu. Washegari ya raka mu iyakar. Na zaci zan ga shinge. Wani dutse ne kawai a gindin kuka, akuya na kwance a kansa. Muka wuce shi ba wanda ya tambaye mu komai.

A kasuwar farko ta ɓangaren Dahome na tarar da mutanen da sunayensu ke cikin littafina. Suna ganin kakin ɗan doka wasu suka fara sulalewa, sai da tsohon ya ɗaga musu hannu. Wani magidanci mai sayar da gyaɗa ya tsaya ya yi mini bayani. Can ma ana biyan haraji, har ya fi zafi. Amma gyaɗarsa da shanunsa sun fi daraja a kasuwar nan, kuma akwai ɗakin magani kusa. Matarsa ta farko a cikin kwalekwale ta rasu, tana naƙuda, ana neman kai ta inda malamin asibiti yake. Ya ce tun yana saurayi yake biya, bai taɓa ganin abin da sulensa ya dawo ya yi ba. Na buɗe baki in yi masa zancen makarantu da hanyoyi, na ji kunya, na rufe.

A hanyar komawa ɗan doka ya so ya kwantar wa tsohon da hankali. Ya ce ai an sami man fetur a Kudu, ana cewa nan gaba gwamnati ba za ta ƙara bukatar harajin talaka ba. Tsohon ya ci gaba da tafiya. Can ya ce, "Yanzu ko ba komi, harajin ga ya kawo ku. Ran da gwamnati ta bar son sulenmu, wa za ta aiko garin ga?"



Kwana uku muka yi kafin mu iso gida, ƙafafuna sun kumbura, sauro ya yi mini zane. Na rubuta abin da na gani, na ƙara da cewa ɗakin magani ɗaya zai iya dawo da rabin mutanen. Ma'aji ya karanta sau biyu. Ya yarda a bar tsohon a kan sarautarsa. Batun ɗakin magani kuwa ya ce babu kuɗi, ai harajin wurin ya ragu.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne littafin baitulmali yana nuna abin da ya shigo, ba ya nuna wanda ya kwashe iyalinsa ya tafi, balle dalilinsa. Shekara bakwai ina jumla a ofis ban san haka ba. Jiya abokan aikina suna ta murna da labarin man fetur, aka tambaye ni me ya sa na yi shiru. Na ce gajiyar hanya ce.