Saƙon da Babu Sallama

Shekarun da na yi sakatare a ƙungiyarmu ta noman rani, can ƙasa da madatsar Goronyo, babu abin da ya ci mana zama kamar yadda za a sanar da ma'aikata in an saki ruwa. Masu tsaron injunan ban ruwa suna warwatse a bakin gulbi, kuma wanda ya fi kowa kusa da ruwan surukina ne, mahaifin matata, dattijon da ban taɓa haɗa ido da shi ba.

Da fari muka gwada kira ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka gama amsa ina gajiya, ina iyali, ina wanda ya yi zazzaɓi bara, ruwa ya isa Wurno. Samari suka kawo shawarar zauren WhatsApp. Masu babbar waya ba su da yawa, kuma ba a jima ba zauren ya cika da barka da Juma'a da hoton ragon sayarwa. Ƙarshe muka tsaya kan tes, a rubuta sau ɗaya ya faɗa wayar kowa.

Nan fa Alhaji, shugabanmu, ya kafe. Mutumin kirki ne, amma in ya riƙe magana sai Allah.

"Ba a tura ma dattawa magana tsirara," in ji shi. "A fara da sallama, a gaishe su da aiki, sannan a faɗi abin da ka tahe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, saƙon zai yi tsawo."

"Tsawon mi? Gaisuwa ta ka cika waya?"

Muka yi gwaji yadda yake so. Saƙon ya rabu biyu a hanya, rabin gaisuwar ya riga isa. Amsoshi suka yi ta shigowa: lahiya lau, madalla, a gaida Alhaji. Rabin da ke cewa a hau tudu sai bayan la'asar ya sauka. Na yi dariya har da hawaye, shugaba kuwa ya ce laifin sabis ne. Aka tashi ba a yanke komai ba.

Ƙarshen wata damina, mun riga mun sauke injuna bakin gulbi don rainon irin albasa, aka bugo da hantsi cewa an ƙara buɗe ƙofofin madatsa. Shugaba yana Sakkwato, wayarsa a kashe. Na zauna da waya a hannu. Tsoron ruwan nake ji, ina kuma jin kunyar tsohon nan, don da lambata saƙon zai shiga wayarsa. Na rubuta: Ruwa na zuwa. Ku bar injin. Ku hau tudu yanzu. Na tura, na hau babur.

A kan tudu na tarar da su sun taru, ruwa ya riga ya shanye wurin injuna. Na duba, babu surukina. Ban san lokacin da na fara salati ba. Can sai ga shi ya ɓullo ta cikin dawa, wando jiƙe har gwiwa, ƙafa babu takalmi, waya a dunƙule a hannu. Ya nufo ni kai tsaye.

"Kai kar rubuta wanga?"

Na durƙusa. "Ni na, Baba. A yi haƙuri."

"Ko sallama babu." Ya tsaya yana maida numfashi. "Nic ce, yaron ga da ba ya iya kallona, yau shi ka ba ni umurni? Lalle ba lahiya ba. Ko takalmi ban tsaya ɗauka ba."

Na tuɓe nawa na ajiye, yadda ake yi gaban suruki. Ya dube su, ya zura ƙafafunsa ciki, ya wuce gida.